Jaka Biyu, Aljihu Ɗaya: Tafiyarmu Zuwa Ghana

Wata rana da hantsi ina tsaye gaban allo ina zana wa 'yan aji bakin tekun Afirka ta Yamma, ina nuna musu wuraren da jiragen Turawa suka riƙa tsayawa suna ɗibar bayi, sai wani yaro daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka taɓa ganin tekun?" Aji ya yi tsit. Na ce masa ban taɓa ba. Yaron bai ƙara cewa kome ba, amma tambayarsa ta bi ni har gida. Shekara 17 ke nan ina koyar da labarin ƙasa da tarihi a makarantar ekklisiyarmu, ashe duk "an ce" nake sayar wa 'ya'yan mutane.

Da dare na ba uwargida labari, na ce ina da niyyar in tara kuɗi in je Ghana in gani da idona. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Malam, shekararmu 19 da aure. Tuna mini rana ɗaya da muka fita ni da kai, ba don biki ba, ba don jana'iza ba, ba kuwa don asibiti ba." Na yi ta lalube, ban samu ba. Ta ce, "To, ƙafarka ƙafata." Nan aka yanke magana.

Shiri

Shekara biyu muka yi muna tari. Ni na shiga adashin malamai, ita kuwa ta riƙa ajiye ribar kajin da take kiwo. Da labari ya bazu, waɗansu suka yi mana dariya, suka ce yawon buɗe ido aikin Bature ne da mai kuɗi, ba na malamin makaranta ba. Da gaskiyarsu ta wani gefe, gama da a otal za mu riƙa sauka, abin da muka tara ba zai kai mu kwana huɗu ba. Amma akwai wata hanyar tafiya wadda samarin Turawa suka daɗe da sani. Mutum ya zuba kayansa duka cikin jakar goyo guda, ya shiga motar da talakawan ƙasa suke shiga, ya ci abin da suke ci, da dare ya kwana a masaukin haɗaka. Ita muka zaɓa.

Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza don shiga Ghana, domin yarjejeniyar da ƙasashen Ecowas suka sa wa hannu a 1979 ta yarda masa ya zauna har kwana 90. Fasfo kurum muka yi, da katin allurar rigakafin shawara, wanda ake tambaya a kan iyaka. Muka sayi jaka biyu wurin 'yan gwanjo. Kowa ya sa tufafi kala uku, da tawul, da silifa, da tocila, da kwaɗo, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi. Uwargida ta ƙara da garin rogo, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da dambun nama, da wata 'yar ƙaramar tukunya. Na yi ƙorafin nauyi, ta yi kamar ba ta ji ba. Yara kuwa muka bar su wurin ƙanwata.

Kuɗin tafiya ni na riƙe, kamar yadda na saba a gida. Na lissafa kwana 14, huɗu a hanya, goma a Ghana, na rubuta a ɗan littafi. Ban gaya mata ko nawa ne ba, ita ma ba ta tambaya ba. Masu karatu, ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

Iyaka uku a yini ɗaya

Muka tashi daga Jos a watan Agusta na 2024, cikin dogon hutu. Muka kwana a Legas wurin wani ɗan garinmu, da asuba muka shiga mota mai bin gaɓar teku. Daga Legas zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ake ketarewa: ta Seme zuwa Jamhuriyar Benin, sa'an nan ta Togo, sa'an nan ta Aflao zuwa Ghana. A kowace iyaka sai an sauka, a bi layi, a buga hatimin fita, a taka da ƙafa, a buga na shiga. Kuɗi ma suna sake suna, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi. Har agogo sai da muka mai da shi baya da awa ɗaya da muka shiga Togo.

A Lome ne hanya ta bi dab da bakin ruwa, muka ga teku sosai, ba gida ba itace a tsakaninmu da shi sai rairayi da 'yan bishiyoyin kwakwa. Uwargida ta kama hannuna ta ce, "Malam, ina ƙarshensa?" Na san amsar a littafi, amma bakina ya kasa faɗa.

Da muka ketare iyaka ta ƙarshe, wani saurayi ya ji muna Hausa, sai ya matso ya gaishe ni da Hausa, ya ce zai yi mini canji da farashin da ya fi na kowa. Jin harshenmu a baƙuwar ƙasa ya sa na saki jiki. Ya ƙirga mini sidi a gabana har sau biyu. Direba yana ta danna ham, na cusa kuɗin a aljihu ban ƙirga da hannuna ba.

Masaukin haɗaka

Da dare muka isa Akara, muka nemi wani masauki da wata ekklisiya take riƙe da shi a unguwar Osu. Bari in bayyana wa wanda bai sani ba. A otal ɗaki kake biya, a masaukin haɗaka kuwa gado kake biya. Ɗaki ɗaya yakan ɗauki mutum shida ko takwas, gadaje masu hawa biyu kamar na makarantar kwana, Turawa kuwa suna ce da shi hostel. Makewayi da wurin wanka na kowa da kowa ne. Akwai ɗan akwati a bango inda za ka sa fasfo da kuɗi ka danna kwaɗonka. Akwai kuma ɗakin girki, wanda ya ga dama ya dafa abincinsa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne, a wannan masauki maza daban, mata daban. Aka bi da uwargida ta hagu, aka bi da ni ta dama. Gadon da ya rage na sama ne. Ga ni mai shekara 46, wanda yara suke miƙewa tsaye in ya shiga aji, ina hawan tsani da gajeren wando, samari suna kallo.

Da aka kashe fitila na shiga gidan sauro, na kunna tocila, na fito da kuɗin don in raba su kashi goma. Sai na tarar da waɗansu takardu a tsakiya an ninke su biyu, yadda in ana ƙirgawa ta gefe ɗaya za su fito kamar biyu-biyu. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Kuɗin kwana biyu cur sun tafi. Gumi ya karyo mini. Na ce a raina, ba zan gaya mata ba, zan matse nan in matse can har ramin ya cike. Kunya ce ta hana ni, ba tausayinta ba, ko da yake a daren nan tausayi na kira abin.

Da safe wani saurayi Bajamushe da muka kwana ɗaki ɗaya ya ji ni malami ne, sai ya ce ai wannan irin masauki malamin makaranta ne ya ƙago shi. Sunansa Richard Schirrmann. A 1909 ya fita yawon ƙafa da almajiransa, hadari ya tare su, suka fake a wata makarantar ƙauye. Nan tunani ya zo masa cewa ya kamata a sami wurin kwana mai araha domin yara matafiya. A 1912 aka kafa na farko mai ɗorewa a tsohuwar kagarar garin Altena a Jamus. Na ji daɗin wannan labari, na ce ashe gidan abokin aikina na sauka.

Tukunyar da na raina

Ina tsammani ni mai Turanci ni zan ja gaba a tafiyar nan. Ba haka ta kasance ba. Kafin in fito daga wanka, uwargida ta riga ta san kowa a ɗakin mata. Da yamma ta ɗora tukunyarta a ɗakin girki, ƙanshi ya tashi, samarin da suka gaji da burodi suka fara leƙowa. Kashegari wannan ya kawo tumatir, waccan ta kawo shinkafa, wani ya kawo kifi, aka dafa tare aka ci tare. Mutum bakwai daga ƙasa biyar a kan tebur ɗaya, kuɗin da kowa ya kashe bai kai na faranti ɗaya a gidan abinci ba.

A unguwar Nima kuwa sai ka ce a gida muke. Hausa ake yi a kasuwa, ko da yake harshen ya ɗan karkata. Da safe ga koko da ƙosai, mutanen Ghana ma kokon Hausa suke ce da shi. Ga shinkafa da wake, wanda duk ƙasar ta ɗauki sunansa daga kalmarmu ta wake. Ga tuwo, suna ce masa tuwo zafi. Unguwannin baƙi kuwa ko'ina a Ghana zango ake kiransu. Uwargida ta yi ciniki da Hausa, ta sami rangwamen da Turancina bai taɓa samo mini ba.

Yawancin abin kallo a Akara ba a biyan ko kwabo. Muka tsaya a babban dandalin tunawa da 'yancin kan da Ghana ta samu ranar 6 ga Maris 1957. Muka ratsa kasuwar Makola, muka gangara tsohuwar unguwar masunta inda doguwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa take. Amma duk wannan yawo zuciyata tana kan ramin nan. Ta ce mu shiga mota, na ce tafiyar ƙafa lafiya ce. Ta ce tana jin ƙishirwa, na ce ta haƙura mu koma masauki. Ta tsaya tana shafa wani turmin atamfa, na wuce na bar ta. Kwana uku ina yi mata rowa da kuɗin da kajinta suke ciki.

Cape Coast da Elmina

Daga tashar Kaneshi muka shiga ƙaramar bas da suke kira torotoro, muka yi yamma kimanin kilomita 150 zuwa Cape Coast. Masaukin da muka samu a bakin ruwa yake, ɗakinsa kuwa na maza da mata ne a haɗe. Ita ta ɗauki gadon ƙasa, ni na sama. Mai masauki ya ce akwai ɗaki na mutum biyu in muna so, kuɗinsa ya ɗara na gado biyu kaɗan. Uwargida ta dube ni. Na ce, "Kina tsammani kuɗi a bishiya nake tsinko su?" A gaban mutane na faɗi haka. Ba ta amsa ba.

Kashegari muka je Elmina, tafiyar 'yan mintoci. Turawan Fotugal ne suka gina kagarar a 1482 domin cinikin zinariya, na Holan suka ƙwace ta a 1637, ta koma hannun Ingilishi a 1872. A tsakanin nan cinikin ya juya ya zama na mutane. Muka dawo muka shiga ta Cape Coast da rana. Mai jagora ya gangara da mu cikin kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa, ya kashe fitila na ɗan lokaci. Duhu, da zafi, da 'yan ƙananan tagogi can sama. A nan ake tsare mutane makonni suna jiran jirgi, da yawansu daga arewa aka gangaro da su a ƙafa. Sa'an nan ya nuna mana rufin da ke bisa kanmu, ya ce ɗakin sujadar Turawan kagarar a kansa yake. Sama ana waƙar yabo, ƙasa ana nishi. Na koyar da cinikin bayi sau da yawa, ban taɓa gaya wa yara wannan ba, gama ban sani ba. Mu masu bi, ya kamata mu san shi, kada mu ɓoye. Daga nan ya kai mu ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, wadda ake kira ƙofar da ba a komowa.

Muka fito ba mai magana. Muka zauna a kan wani dutse muna kallon masunta suna jan kwale-kwale.

Maganar bakin teku

Can da rana ta yi sanyi, ta ce, "Gobe sai gandun dajin Kakum, ko?" Na ce na fasa, ba wani abin kirki a can. Ta juyo ta ce, "Malam, nawa aka cuce ka a iyaka?"

Na ce wa ya gaya mata. Ta ce, "Gado ya gaya mini. A gida kana da aljihun tebur mai makulli. A nan kuwa ina ƙarƙashinka, kowace takarda ka juya ina ji, gadon yana motsi. Jiya sau uku ka ƙirga. Tun daga Aflao kuma ba ka yi dariya ba." Sai na faɗa mata duka. Ina jiran faɗa, amma ta ce, "Asarar ta mu biyu ce. Don me ka riƙe asarar kai kaɗai, ni ka ba ni fushin?"

Sa'an nan ta juya baya, ta kwance wata 'yar lalita daga ɗamararta, ta zuba kuɗi a cinyata, kimanin na kwana ɗaya. Ta ce, "Ni ma ga nawa ɓoyon. Tun shekarar da muka yi aure nake ajiye irin wannan, domin ban taɓa sanin abin da ke aljihunka ba. In ka ce babu, ban sani ba ko babu ce ta gaske." Wannan magana ta fi asarar yi mini zafi. Shekara 21 muna cin tuwo a gida ɗaya, kowa yana tsoron aljihun ɗan'uwansa. Na roƙe ta gafara saboda abin da na faɗa a gaban mutane, ta ce ya wuce.

Muka buɗe ɗan littafin nan tare. Muka soke tsarabar abokan aikina, muka bar ta yara. Muka yarda za mu dafa abinci sau biyu kowace rana, mu sayi na rana kaɗai a bakin hanya. Ramin da na kwana biyar ina fama da shi, kafin magariba mun cike shi. Na miƙa mata kuɗin da littafin. Daga ranar, kowane dare sai mun zauna mun karanta abin da ya fita da abin da ya rage.

Kakum da Kumasi

Muka je Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. A can an ɗaura gadoji bakwai na igiya da katako daga kan wata doguwar bishiya zuwa wata, an buɗe su tun 1995. Mutum yana tafiya bisa kan kurmi, ƙasa tana can nesa fiye da mita 30, gada tana lilo. A ta biyu gwiwoyina suka ƙi. Uwargida tana gaba, ta waiwayo ta ce, "Baban yara, kada ka dubi ƙasa, dubi ɗankwalina." Haka na bi ɗankwali har muka sauka. Ranar na yi dariyar da ta ce ta ɓace.

Daga nan muka yi arewa zuwa Kumasi, birnin Asante. Muka ɓata cikin kasuwar Kejetia, wadda tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Muka shiga gidan tarihi na fadar Manhyia, ginin da aka yi a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya bayan komowarsa daga zaman talala da Ingilishi suka kai shi. A zango wani dattijo mai sayar da goro ya ji daga Nijeriya muke, ya ce kakansa fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Kano. Wato fataucin Gwanja da muke ji a bakin tsofaffi, ga jikokinsa a gabana. Ya san mu Kirista ne, mu ma mun san shi Musulmi ne, bai bar mu mun tashi ba sai da aka kawo mana tuwo daga gidansa.

A masaukin ekklisiya da muka sauka a Kumasi, uwargida ta duba littafi ta ce lissafi ya yarda mu kama ɗaki na mutum biyu, dare ɗaya. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da fanka mai ƙara. Ban taɓa sanin darajar ƙofar da mutum zai rufe shi da matarsa ba sai a daren nan.

Ga masu niyya

In wani maigida da uwargidansa suna so su gwada, ga abin da muka koya. Ku yi canji a wurin da yake da ofis da rasit, ku ƙirga da hannunku, kowace takarda a buɗe, ko da direba zai fasa ham. Ku ware kuɗin motar komowa, kada ku taɓa su. Ku tambaya tun da wuri ko masaukin yana raba maza da mata, don kada abin ya zo muku ba shiri. Ku isa baƙon gari da sauran rana. Kada ku raina tukunya. Fiye da duka, kowa ya san abin da ke cikin aljihu tun kafin a bar gida, gama tafiyar talaka ba ta da lungun ɓuya.

Muka komo Jos ran kwana na 14, da ɗan canjin da ya isa mu sayi burodi a tasha. Da aka koma makaranta na kawo wa 'yan aji ruwan teku a kwalba. Yaron nan ya riga ya wuce zuwa aji na gaba, na aika aka kira shi, na ɗiga masa a tafin hannu. Ya lasa, ya yamutsa fuska ya ce, "Malam, ashe da gaske gishiri ne!" Na ce masa gani ya kori ji.

A gida kuwa aljihun teburin nan yana nan, amma makullin ya daina aiki. Ran da albashi ya shigo, bayan yara sun kwanta, mukan zauna mu biyu da ɗan littafin nan, ta kawo na kaji, in kawo na alli. Har yanzu kuɗin ba sa isa, sai dai yanzu mu biyu muka san inda suka gaza. Jakunkunan suna rataye a bayan ƙofa, mun kuwa fara wani sabon adashi.